Yaƙin Cacar Baka: Ma'anarsa da Abin da Sunan Ya Ɓoye

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba jin wannan suna. Yau a ce "rabon da a ga irin haka tun zamanin yaƙin cacar baka", gobe a ce "masana na fargabar ɓarkewar sabon yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Sin". A taƙaice, abin da ake nufi shi ne zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowacce da 'yan kanzaginta, daga wajajen 1947 har zuwa Disamban 1991 da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Shekara arba'in da 'yan kai suna harara da nuna wa juna yatsa, suna tara makamai, amma ba su taɓa shelanta yaƙi a tsakaninsu ba.

Turawa da Larabawa "yaƙin sanyi" suke ce masa, wato yaƙin da wutarsa ba ta kama ba. Bahaushe bai bi su ba, ya ɗauko abin da ya sani a gida. Cacar baki ita ce musayar zafafan kalamai: kishiyoyi a tsakar gida, direba da fasinja a kan canji, 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe. Kowa na faɗa wa ɗan'uwansa baƙar magana amma hannu bai kai jiki ba. "Baka" kuwa ita ce dai ta cikin "adabin baka" da "saƙon baka", abin da aka yi da fatar baki. Shi ya sa za ka ji wasu na cewa cacar baka, wasu cacar baki, duk abu ɗaya ne. Sunan ya zauna daram a kunne, ya ma fi na Turawan armashi. Sai dai ni a ganina rabin labarin kawai ya kama, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya fi shafar mu.

Asalin abin, ƙawancen dole ne ya watse. Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet sun haɗa kai sun murƙushe Hitler a 1945, alhali tun can ba sa ga maciji. Amurka na kan tsarin jari-hujja da jam'iyyu barkatai, Sobiyet na kan gurguzu, jam'iyya ɗaya tilo, masana'antu da gonaki duk a hannun gwamnati. Da abokin gaba ya faɗi, sai rabon gado ya taso. Aka yanka Jamus kashi huɗu, aka yanka birnin Berlin shi ma kashi huɗu. Shugaban Sobiyet Stalin, wanda ƙasarsa ta yi asarar rayuka sama da miliyan 20 a yaƙin, ya ƙudurta ba za a sake shigo masa ta yamma ba, don haka ya dasa gwamnatocin gurguzu a Poland da Hungary da Romaniya da sauran maƙwabta. A Maris 1946 tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill ya tsaya a garin Fulton na jihar Missouri ya ce wani labulen ƙarfe ya sauko ya raba Turai biyu. Shekara guda bayan nan Shugaba Truman na Amurka ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 400 don tallafa wa Girka da Turkiyya kada su faɗa hannun 'yan gurguzu, sannan aka biyo da Shirin Marshall, kimanin dala biliyan 13 don sake gina Yammacin Turai. A 1948 Stalin ya toshe duk hanyoyin ƙasa na shiga Yammacin Berlin. Amurka da Birtaniya suka koma jigilar gari da kwal da magani ta sama, sawu sama da 270,000, har ya gaji ya buɗe hanya a Mayun 1949. A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO, Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko, jagoran 'yan gurguzu Mao kuma ya karɓe Sin. A 1955 Sobiyet ta kafa tata ƙungiyar, Ƙawancen Warsaw.

To me ya hana su gwabzawa? Kar ta san kar. Kowanne ya san idan ya harba, kafin makaminsa ya sauka na ɗayan ya taso, kuma ba wanda zai rage ya yi murnar nasara. A tsakiyar shekarun 1980 makaman ƙare-dangi da ke duniya sun haura 60,000, kusan dukansu na waɗannan biyun ne.

Lokacin da aka fi kusantar halaka shi ne Oktoban 1962. Jirgin leƙen asirin Amurka ya ɗauko hotunan makamai masu linzami da Sobiyet ke girkawa a Kyuba, tazarar kilomita 150 kacal daga Florida. Shugaba Kennedy ya sa jiragen ruwan yaƙi suka yi wa tsibirin ƙawanya. Kwana 13 duniya ba ta runtsa ba. Ranar Asabar 27 ga wata aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin Kyuba, matuƙin ya mutu. A ranar nan dai jiragen Amurka suka ritsa da wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet, suna jefa masa ƙananan bama-bamai don tilasta masa fitowa, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. A ciki zafi ya yi tsanani, iska ta ɓaci, sun yi kwanaki ba su ji daga Mosko ba. Kamar yadda waɗanda ke ciki suka ba da labari daga baya, kyaftin ɗin ya zaci an riga an fara yaƙi, ya nemi a harba. Wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi yarda, jirgin ya taso sama. Washegari shugaban Sobiyet Khrushchev ya sanar ta Rediyon Mosko cewa zai kwashe makamansa. Abin da ba a faɗa wa duniya ba a lokacin shi ne Kennedy ma ya yi alkawari a asirce zai janye nasa makaman daga Turkiyya.

Ita kanta cacar bakin, an sha ta. A Yulin 1959, wajen wani baje kolin kayan Amurka a Mosko, Mataimakin Shugaba Nixon da Khrushchev suka tsaya cikin wani kicin na gwaji, gaban injin wanki, suna musu a kan wane tsari ne ya fi jiyar da talaka daɗi, 'yan jarida na kewaye da su. An yi gasa a sararin samaniya: Sobiyet ta riga harba tauraron ɗan'adam a 1957, ta riga aika mutum a 1961, Amurka ta rama da sauka a kan wata a 1969. Har a Kano hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta kafa tashar bin sawun kumbunanta a farkon shekarun 1960. An yi a filin wasa, Amurka ta ƙaurace wa gasar Olamfik ta Mosko a 1980, Sobiyet ta rama a Los Angeles a 1984. An kuma yi a cikin akwatin rediyon iyayenmu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, a tsakani Mosko da Beijin da Jamus ta Yamma duk suka fara magana da Hausa. Dattijon da ke murɗa rediyonsa bayan sallar isha, nan a zagi 'yan mulkin mallaka, can a zagi 'yan gurguzu, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka yaƙin duk na baki ne.

A cikin Amurka kanta abin ya sauya rayuwa ta hanyoyi biyu masu karo da juna. Ta farko tsoro. A Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ɗaga takarda ya ce yana riƙe da sunayen 'yan gurguzu da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Bai tabbatar da zargin ba, amma farautar da ta biyo baya ta raba malamai da ma'aikatan gwamnati da marubutan fim da abincinsu, kafin majalisar dattawa ta tsawata masa a 1954. Yara a makaranta ana koya musu su shige ƙarƙashin tebur idan bam ya tashi.

Ta biyu kuwa kunya ce. Ƙasar da ke kiran kanta jagorar 'yantacciyar duniya tana hana baƙar fata zama a gidan abinci, kuma Mosko ba ta barin ko ɗaya ya wuce ba ta yayata shi ba. Dubi abin da ya faru cikin makonni uku na 1957. A ƙarshen Satumba sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji Little Rock kafin yara baƙaƙe tara su shiga makarantar sakandare. Ranar 4 ga Oktoba Sobiyet ta harba tauraronta. Bayan 'yan kwanaki ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya tsaya a wani gidan abinci a Dover ta jihar Delaware ya nemi ruwan lemo, aka ce masa sai dai ya fita da shi waje, baƙar fata ba sa zama a ciki. Wata bakwai ke nan da samun 'yancin Ghana, bikin da Nixon da kansa ya halarta a Accra. Labari ya bazu, dole Eisenhower ya gayyaci ministan karin kumallo a Fadar White House don a wanke ƙasa. A 1961 an yi wa jakadan Chadi irin wannan a jihar Maryland, kan hanyarsa ta zuwa Washington. Baƙaƙen Amurka su suka yi gwagwarmayarsu, su suka sha duka da ɗauri, ba wanda zai ƙwace musu wannan. Amma gwamnatin tarayya ta ƙara saurin sauraronsu ne don ta san sabbin ƙasashen Afirka da Asiya na kallo.

Yanzu ga inda sunan ya gaza. A Koriya, daga 1950 zuwa 1953, an kashe mutane fiye da miliyan biyu, kuma har yau tsagaita wuta kawai aka yi, ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. A Vietnam Amurka ta rasa sojoji kimanin 58,000, 'yan ƙasar kuwa miliyoyi ne suka mutu. A Indonesiya, tsakanin 1965 da 1966, an karkashe aƙalla mutum dubu 500 da sunan farautar 'yan gurguzu. Tankokin Sobiyet sun murƙushe Hungary a 1956 da Czechoslovakia a 1968. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, na da hannu a kifar da Mossadegh na Iran a 1953, ta kuma yi wa Allende na Chile zagon ƙasa kafin sojoji su hamɓarar da shi a 1973. Manyan biyu ba su daki juna ba, sun dai ba wasu sanduna.

Kwango ta samu 'yanci ranar 30 ga Yunin 1960. Daga ma'adinan lardinta na Katanga aka haƙo mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta haɗa bama-bamanta na farko da shi, don haka ba ƙasar da za a ƙyale ba ce. Da Katanga ta ɓalle da goyon bayan Beljiyam, Firaminista Patrice Lumumba ya nemi taimako bai samu yadda yake so ba, sai ya juya ga Mosko. Wannan ya isa. Ranar 17 ga Janairun 1961 aka harbe shi a Katanga, jami'an Beljiyam na wurin, aka narkar da gawarsa a sinadari. Binciken majalisar dattawan Amurka a 1975 ya gano CIA ma ta shirya kashe shi da guba. Mobutu, wanda ya zama ɗan gaban goshin Amurka, ya riƙe ƙasar daga 1965 har 1997. Abin da ya rage na Lumumba haƙori ɗaya ne, wanda Beljiyam ta mayar wa iyalansa a 2022.

A Angola kuwa, ƙungiyoyi biyu ke yaƙin neman mulki: Kyuba da Sobiyet suka tsaya wa MPLA, Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka tsaya wa UNITA, aka yi ta yi har 2002. A nan ne Najeriya ta ɗaga murya. Shugaba Ford na Amurka ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata, sai Janar Murtala Muhammed ya je taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a Janairun 1976 ya ce Afirka ta kai munzali, ba ta karɓar umarni daga wata ƙasa ta waje komai ƙarfinta. A Ƙahon Afirka abin ya koma wasan kura: Sobiyet na tare da Somaliya, da yaƙin Ogaden ya tashi a 1977 ta tsallaka ta koma bayan Habasha, Somaliya kuma ta nufi Amurka. Wasu shugabanni sun so kauce wa tarkon, Nkrumah da Nasser da Nehru da Tito da Sukarno suka assasa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu, wadda ta yi taronta na farko a Belgrade a 1961. Amma ƙasar da ke neman rance da makamai, ba-ruwanta ba ya nisa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ƙarshen ya zo da sauri. Sobiyet ta shiga Afghanistan a Disamban 1979, ta fito a 1989 a jigace, tattalin arzikinta na tangal-tangal. Gorbachev ya sassauta riƙo, ya ƙi tura tankoki Gabashin Turai, katangar Berlin da aka gina a 1961 ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989, sannan ita kanta Tarayyar ta dare gida 15.

Masu cewa an shiga sabon yaƙin cacar baka a yau suna da hujja: takunkumi, gasar makamai, rigimar Taiwan, yaƙin Ukraine tun 2022. Amma kwatancen na ɗingishi. Amurka da Sobiyet kusan ba sa ciniki da juna, Amurka da Sin kuwa kowace shekara suna musayar kaya na ɗaruruwan biliyoyin daloli. Rasha ta yau ba gurguzu take tallatawa ba, kuma ƙasashe irin su Indiya da Turkiyya da Saudiyya suna cin tuwo a gidaje biyu ba tare da kowa ya iya hana su ba. Abin da bai sauya ba shi ne wurin da ake baje hajar. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sojojin Faransa sun fice kafin ƙarshen shekarar, masu horar da sojoji daga Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka kuma ta kammala kwashe nata daga Yamai da Agadez zuwa Satumba. A tsakanin nan an yi makonni sojojin Rasha da na Amurka suna zaune a sansani ɗaya kusa da filin jirgin saman Yamai, kowa a nasa ɓangaren.