Filtar maikuroskof ta gida: amsoshin tambayoyin da aka fi maimaitawa

Da me ake yin ta?

Roba mai garai-garai, irin murfin gidan CD. Mazaunin filta da ke ƙarƙashin kondensa (gilashin da ke tattara hasken fitila ya kai shi kan abin dubawa) yawanci faɗinsa milimita 32 ne, amma ka sa rula ka auna naka kafin ka ɗauki almakashi.

Ledar kala za ta yi?

Za ta yi in fitilarka LED ce. In halojin ce, kar ka ɗora ledar a bakin fitila, zafi zai murɗe ta.

Komai ya koma rawaya-rawaya.

Halin ƙwan fitila irin na da ke nan. Sa filta shuɗiya mai haske, shi ke nan.

Wane girma baƙin ɗigon da ake mannawa a tsakiyar filta zai kasance don baya ya yi duhu, abin dubawa ya haska?

Nan ne mutane ke son a ba su lamba ɗaya, kuma babu ita. Ya danganta da kondensarka da gilashin ƙasa (mai kallon abin dubawa, wanda aka rubuta wa 4x, 10x, 40x ko 100x) da kake aiki da shi. Aikin ɗigon shi ne tare hasken da zai shige ido kai tsaye, ya bar na gefe ya bugi abin da ke kan silaid, wato gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai. In ya yi ƙanƙanta, baya zai yi toka-toka. In ya yi girma, ba abin da za ka gani sai dare.

Ga yadda za ka kusanci daidai. Daidaita hoto da gilashin 10x, zare gilashin ido, leƙa cikin bututun. Riƙa tsuke ƙofar hasken kondensa a hankali har bakinta ya fara bayyana a gefen da'irar, ka tsaya. Auna faɗin ramin da ya rage, ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100. Yanka baƙin salatef na lantarki ko baƙin kwali daidai wannan, manna a tsakiyar robar, tsakiya sosai, don kaucewar milimita ɗaya ma tana sa gefe guda ya yi fari. Sai ka buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka ɗaga kondensa har kusa da silaid, ka ƙure fitila. Yawancin masu cewa bai yi ba, buɗe ƙofar suka manta.

Duk da haka gwaji ne. Yanka uku, kowanne ya ɗara wani da milimita 2. A 4x da 10x kusan kullum yana yi. A 40x wataƙila ya yi, wataƙila ya ƙi, kuma ba laifinka ba ne. A 100x kar ma ka wahalar da kanka.

Baya mai kala fa?

Dabarar wani masanin maikuroskof ce, Julius Rheinberg, tun 1896. Shuɗi mai duhu a tsakiya, ja ko rawaya a zoben waje. Tsakiyar ta fi zoben duhu, in ba haka ba ta haɗiye shi.

Filtar fola (polarizer, mai tace haske ta fuska ɗaya) sai na saya?

A'a. Ɓare ta daga fuskar mataccen kalkuleta. Biyu kake buƙata, ɗaya kan hanyar fitila, ɗaya kan gilashin ido. Juya ɗaya har duhu ya rufe, sannan ka sa busasshen ɗigon ruwan sukari a kan silaid ka gwada.

Ina ganin taurari ko'ina a baya.

Ƙura ce da shatin yatsunka. Wanke silaid ɗin, ka goge saman kondensa.