Waiwaye: Yadda sarewar Ailan ta shiga kiɗan metal a faifan farko na Cruachan

A shekarar 1995 wani ƙaramin kamfani na Jamus, Nazgul's Eyrie Productions, ya fitar da Tuatha na Gael, faifan farko na Cruachan, ƙungiyar mawaƙan metal (kiɗan rock mai nauyin ƙara) ta Dublin, babban birnin Ailan. Keith Fay ne ya kafa ƙungiyar a 1992. Sunanta ya fito ne daga Rathcroghan da ke gundumar Roscommon, tsohuwar fadar lardin Connacht na Ailan, inda labaran kaka da kakanni suka ce Sarauniya Medb ta yi mulki.

Akwai waɗanda suka share hanya. Tun a 1973 Horslips, su ma 'yan Ailan, suka fitar da The Táin, inda suka ɗora waƙoƙin gargajiya kan jitar lantarki. A 1991 kuma Skyclad ta Ingila ta saka goge a wata waƙa ta faifanta na farko, abin da ya ja hankalin Fay. Inda Cruachan ta bambanta shi ne ta ɗauko black metal, mai gurnanin murya da ganga mai gudu, ta bar karin gargajiya ya ja gaba, jita na bin sa a baya. Yawancin waƙoƙin ma kan labaran gida ne: jarumin tatsuniya Cúchulainn, yaƙin Moytura na tatsuniya, da sarkin Ailan Brian Boru.

Wurin haɗa kayan gargajiya da jita wahalar take. Sarewar ƙarfe ta Ailan, wadda John Fay ɗan'uwan Keith ke busawa, huda shida gare ta, kuma wadda aka fi amfani da ita a kan matakin sauti na D aka ƙera ta. D da G take bayarwa cikin sauƙi, sai E mai taushi (E minor), wanda ya dace da jitar da aka ɗaure yadda aka saba. Da zarar mai jita ya sassauta tsirkiya da rabin mataki don ƙarin nauyi, kamar yadda 'yan metal ke so, sai sautin jita ya saɓa da na sarewa. Ko dai a mayar da tsirkiyar, ko a nemo wata sarewar. Sarewa mai sanyi kuma sautinta kan yi ƙasa, shi ya sa ake ɗumama ta da numfashi kafin ɗauka.

Sai batun cunkoso. Sarewar tana farawa daga wajen hertz 587 (ma'aunin tsayin sauti), ta haura 2,000, daidai inda ƙarar jita ta fi cika. Idan aka ɗauke su tare a ɗaki guda, jita na haɗiye ta. Maganin shi ne a ɗauki sarewa ita kaɗai, a rage wa jita kaifi a wannan wurin, ko a bar jita ta riƙe dogon sauti yayin da sarewa ke zagaye. Bodhrán, gangar hannu ta fatar akuya, ita ma haka take ɓacewa ƙarƙashin babbar gangar ƙafa, ga shi danshi na sassauta fatarta. Duk wannan aiki ne mai cin awanni a sitidiyo, awanni kuwa kuɗi ne. Shi ya sa sautin Tuatha na Gael ya fito siriri, kayan kiɗan na danne juna. A ganina wannan bai rage darajar tsarin waƙoƙin ba, amma ya ɓoye rabin kyawunsu.

Duk da haka faifan ya kai kunnen kamfanin Century Media. Ba a daidaita kan yarjejeniya ba, ƙungiyar ta watse a 1997, kamfanin kuma ya fitar da faifan farko na ƙungiyar Waylander ta Armagh da ke Arewacin Ailan a 1998. Cruachan ta dawo a 1999, ta saki The Middle Kingdom a 2000 tare da mawaƙiya Karen Gilligan, a ƙarƙashin Hammerheart na Holan, wanda ya sake buga Tuatha na Gael a 2001.