Waiwaye: Batirin da ake son haɗawa da injinan iska, wa zai biya kuɗinsa?

Tun duhun da ya lulluɓe Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da Gombe da Bauchi suka shafe kwanaki babu wuta, zancen "mu samar da tamu" bai bar bakin mutane ba. A majalisun dare da shafukan Facebook, wasu na cewa a kafa injinan iska, a haɗa su da manyan batura, shi ke nan. Wasu kuma na cewa tsadar batir kaɗai ta isa ta kashe aikin tun a takarda. Dokar lantarki ta 2023, wadda ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ita ta ƙara wa gardamar zafi. Sai dai maganar ta girmi dokar.

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. An sayar da kamfanonin wuta a 2013. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa injinan iska 37 da aka tsara su ba da megawat 10. A wancan zamanin batir ba ya cikin lissafi, domin a 2010 batirin lithium mai ajiye yunit ɗaya na wuta ya haura dala 1,000. Zuwa 2024 ya sauko kusan dala 115. Wannan faɗuwar farashi ita ce hujjar masu goyon baya, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Amma akwai abin da ya faru a jihar Kudancin Ostireliya wanda ba kasafai ake kawo shi a gardamarmu ba, alhali shi ya sauya lissafin. A watan Satumban 2016 guguwa ta karya turakun wuta, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a Disambar 2017, aka ƙaddamar da batirin Tesla mai megawat 100 a gefen tashar iska ta Hornsdale. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka aikinsa shi ne tara wutar iska a sayar idan iska ta kwanta. To, abin da yake iya ajiyewa bai fi na awa ɗaya da 'yan mintuna ba idan aka sake shi da ƙarfinsa duka. Da wannan ne kawai abincinsa, da ya daɗe bai mayar da jarinsa ba.

Inda ya fi samun kuɗi shi ne daidaita bugun wuta. Babban layin lantarki, nasu da namu, yana bugawa sau 50 a daƙiƙa guda. Idan wata tasha ta tsaya ba zato, bugun ya kan faɗi, in ba a tallafe shi nan take ba sai layin ya durƙushe, abin da mu nan ba sai an yi mana bayaninsa ba. Injin gas yana ɗaukar lokaci kafin ya taso, batir kuwa kafin ƙiftawar ido ya amsa. Kasuwar wutar Ostireliya tana biyan kuɗi na musamman a kan wannan hidima, ga kuma gwamnatin jihar da ta kama megawat 70 da yarjejeniya, tana biya duk shekara don a ajiye mata. A farkon aikin, ragowar 30 ne mai tashar yake kasuwanci da su. Kamar mai gadin kasuwa ne: ana biyansa ko ɓarawo bai zo ba.

A ganina nan gizo ke saƙar. Mu abin da muka saba saye da sayarwa shi ne yunit, wanda mita ke ƙirgawa. Wanda ya zuba jari a batir, idan yunit kaɗai zai sayar, asara yake farawa da ita, tunda wani kaso na wutar yana salwanta tsakanin caji da fitarwa, batirin kuma yana tsufa. Ga shi da dala ake sayo shi, da naira ake karɓar kuɗin wuta. Duk mai inbata a gida ya san wannan raɗaɗin ranar canjin batir.

Sannan iskarmu ta lokaci ce. Ta hunturu daban, ta farkon damina daban, akwai kuma watannin da ganye ma da ƙyar yake motsi. Batir yana cike giɓin awanni, ba ya ɗauko iskar Janairu ya kai ta Satumba. Wannan aikin madatsar ruwa ne, irin ta Dadin Kowa mai megawat 40, ko kuma a haɗa da sola wadda ranarta ba ta yanke mana.

Saboda haka kafin a kai ga tambayar inda za a kafa injinan, akwai aiki biyu a gaba: a auna iskar wurin na aƙalla shekara guda kamar yadda masu ba da bashi ke nema, sannan a rubuta a tsarin kasuwar jiha cewa tsayayyar wuta tana da farashinta. Masu injin niƙa, masu walda da masu sayar da ƙanƙara a Gombe tuni suke biyan wannan farashin, sai dai a gidan mai suke biyansa, tun ma ba bayan cire tallafin fetur a 2023 ba.