Ɗaure bututun mahaifa bai rufe ƙofar ciki gaba ɗaya ba

An daɗe ana cewa macen da aka ɗaure wa bututun mahaifa ta yi sallama da ciki har abada. Galibi hakan ne, domin ƙasa da mace 1 cikin 100 ke samun ciki a shekarar farko bayan aikin. Amma yakan faru, ko da bayan shekaru.

Ba a cikin mahaifa ƙwai ke haɗuwa da maniyyi ba. A bututu suke haɗuwa, sannan ƙwan ya gangara cikin 'yan kwanaki ya maƙale a bangon mahaifa, inda kaɗai aka tanadar masa wurin girma. Aikin ɗaurewa bututun yake toshewa. Mahaifa tana nan, al'ada ma tana zuwa. Wani lokaci wurin da aka yanke yakan sake haɗewa ya bar 'yar kafa, maniyyi ya ratsa, ƙwan da ya fara girma kuma ya kasa fitowa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin da ake samu bayan ɗaurewa a wajen mahaifa yake zama.

Bututu siriri ne, ba ya buɗewa kamar mahaifa. Idan ya fashe, jini yana zuba a cikin ciki ba a gani, kuma babu hanyar mayar da wannan cikin zuwa mahaifa. Abin da ke damuna shi ne macen da za ta ga al'adarta ta makara, ga ciwon mara a gefe ɗaya, ga ɗigon jini da jiri, ta ce ai an ɗaure ta. Ya kamata ta yi gwajin ciki, ta nufi asibiti a ranar.