Kibod ɗinka bai lalace ba: amsoshi a kan sauya harshe a laftof

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a cikin birnin Katsina, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini laftof ana cewa kibod ya mutu ba, alhali lafiyarsa ƙalau, harshensa ne kawai ya sauya. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin a nan. Duk bayanin a kan Windows 10 da Windows 11 yake, domin su ne a hannun yawancin mutanenmu.

Ina neman alamar @ sai " ta fito. Kibod ɗin ne ya lalace?

A'a. Kibod ɗinka na Amurka ne amma kwamfutar tana ɗaukarsa na Ingila, ko akasin haka, kuma tsarin biyu sun yi musayar wurin alamomin nan. Riƙe maɓallin Windows, ka danna dogon maɓallin tazara, ka zaɓi ɗayan. In kana son ka san wanda kake kai, danna Shift da 3: alamar £ ta Ingila ce, # ta Amurka.

Ni fa ban taɓa komai ba, ta yaya ya sauya?

Malam, ka taɓa. Kowa haka yake faɗi. Danna Alt na hagu tare da Shift yana juya harshen kibod nan take ba tare da wata sanarwa ba, kuma yaro mai buga wasa a laftof ɗinka zai iya yin haka sau goma kafin la'asar. Ka riƙa duba kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo, inda ake rubuta ENG ko FRA. Wanda harshe ɗaya yake aiki da shi ya goge sauran daga Settings ya huta.

Na sayi laftof ɗin Beljiyam, ina danna A sai Q ta fito.

Dubi layin haruffa na sama. In ya fara da AZERTY, kibod ɗin Faransanci ne, irin wanda ke yawan shigo mana daga Maraɗi ta Jibiya, ko daga Damagaram ta wajen Daura. A wannan tsari A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ta koma gefen L, lambobi kuma ba sa fitowa sai an riƙe Shift. Na Jamus QWERTZ ne, inda Y da Z suka sauya wuri. Abin da aka buga a jikin maɓalli fenti ne kawai, kwamfuta ba ta ganinsa, saitin da aka ba ta take bi. Saboda haka ko dai ka sa mata kibod ɗin Faransanci domin saiti ya dace da fenti, ko ka bar ta a kan na Amurka ka sayi sitika ta haruffa ka manna. Ni sitikar nake ba da shawara, musamman ga ɗalibin da zai zauna jarrabawar kwamfuta, domin a can tsarin QWERTY, irin na Amurka, zai tarar, bai kamata yatsunsa su saba da wani abu dabam ba.

Ina rubuta K sai 2 ta fito, L kuma 3.

Wannan ba harshe ba ne, Num Lock ne a kunne, wato maɓallin da ke mayar da wasu haruffa lambobi. Danna Fn tare da NumLk. Shi ke nan.

Ta yaya zan samu ƙ da ɗ da ɓ?

Windows na da kibod ɗin Hausa a cikinta tun da daɗewa, ba sai ka biya kowa ba. Shiga Settings, sannan Time & Language, sannan Language, wanda a Windows 11 ake kira Language & region, ka danna Add a language, ka rubuta Hausa. Bayan ka koma kansa, Alt na dama tare da k yana ba da ƙ, da d ya ba da ɗ, da b ya ba da ɓ, in ka haɗa da Shift ka sami manyansu. Na dama na ce, domin rabin masu dawowa su ce bai yi ba, na hagu suke dannawa. Akwai ƴ ma a kan y, amma wannan rubutun Nijar ne, mu a Nijeriya 'y muke rubutawa.

Na buga kundin digirina da Hausa, da na kai shagon buga takardu sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Aikina ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, bai lalace ba, amma gyaran yana son natsuwa, kuma ba zan yi miki alkawarin hanya ɗaya za ta yi wa kowa ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro font na Hausa, wato salon zanen haruffa a kwamfuta, irin su Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima ba kaɗan ba, jaridu da sassan Hausa na manyan makarantu sun daɗe a kansu. Dabarar irin waɗannan font ita ce a ɗauki wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana ƙ ko ɗ a gurbinta. Ido yana ganin ƙ, amma abin da kwamfuta ta adana alamar baka ce, irin } ko ]. Da zarar takardar ta je kwamfutar da ba ta da wannan font, sai asiri ya tonu.

In gobe za ki miƙa aikin, hanya mafi sauri ita ce ki koma kwamfutar da kika yi rubutun a kanta, ki adana shi a matsayin PDF, ki kai wannan a buga. Galibi PDF yana tafiya da siffar haruffan a cikinsa, ko da yake ina so ki buɗe shi a wayarki ki duba kafin ki hau keke-napep zuwa shago. Kwafe font ɗin a filasha a sa wa mai shago ma yana yi, in ya yarda a taɓa masa kwamfuta.

Gyara na dindindin kuwa shi ne a mayar da alamomin haruffa na gaskiya. A Word, Ctrl da H suna buɗe wurin nema da musanyawa: a nemi } a sa ƙ, a nemi { a sa Ƙ, a nemi ] a sa ɗ, haka har a gama. Sai dai a nan ne ake yin ɓarna. Font ɗin ba tsari ɗaya suka bi ba: a wani ɓ tana kan ~, a wani tana kan \, wasu kuma q da x da v suka ara, shi ya sa ake ganin qasa da xaya. Sai kin karanta shafi ɗaya kin tantance wace alama ce ke wakiltar wane harafi a takardarki. In na q da x da v ne, musanya gaba ɗaya zai shiga cikin sunayen Turanci da ke manazarta ya ɓata su, kuma in ba ki kunna Match case ba, babba da ƙarami za su cakuɗe. Haka in kin yi amfani da baka mai kusurwa wajen nuna furuci, kamar yadda ɗaliban nazarin harshe ke yi, ita ma za ta koma ɗ. Don haka ki fara adana kwafi na biyu, ki ware manazarta gefe, sannan ki musanya babi-babi. Bayan nan ki zaɓi font irin Times New Roman ko Arial na sabuwar Windows. Idan wani harafi ya fito kamar ɗan akwati, font ɗin ne ba shi da shi, ki canza wani. Kuma kafin duk wannan ki tambayi malamin da ke duba aikinki, domin wataƙila sashenku yana da font ɗin da ya tsayar.

A kwamfutar ofis nake, an hana mu ƙara komai. Ta yaya zan samu ƙ da ɗ da ɓ?

A Word rubuta 0199 ka danna Alt da X, za ta koma ƙ. Ta ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, alamar naira 20A6.

Duk rubutun Windows ɗin da Faransanci yake, na canza kibod amma bai koma Turanci ba.

Ai ba zai koma ba. Harshen kibod dabam, harshen da Windows ke magana da shi dabam. Na biyun sai an sauke shi daga intanet a wancan shafi na Language, a zaɓe shi a Windows display language, a fita a sake shiga. Idan kuwa Windows ɗin irin Single Language ce, ba ta karɓar wani harshe, sai an ɗaga ta ko an sake zuba wata, kuma kada ka bari a zuba kafin ka kwashe takardunka da hotunanka.

Kalmar sirrina daidai take amma ta ƙi buɗewa.

Kafin ka zargi ƙanenka, danna ɗan idon da ke gefen akwatin kalmar ka ga abin da yake fita a zahiri. Shafin shiga yana da nasa harshen kibod a kusurwar ƙasa ta dama, kuma kalmar da ke da @ ko a ko lamba za ta fita dabam a kan AZERTY. Juya shi a wurin, ka duba Caps Lock, ka sake gwadawa.

Ina koyarwa a Islamiyya, zan iya rubuta Larabci da Hausa a laftof ɗaya?

Ƙwarai, Malam. A ƙara Larabci kamar yadda aka ƙara Hausa, a riƙa juyawa da maɓallin Windows da na tazara. A Word, Ctrl da Shift na dama suna mayar da sakin layi ya fara daga dama, na hagu su dawo da shi. Sitikar haruffan Larabci tana da amfani a nan, domin ba su bi sautin haruffan boko ba: harafin ب (ba) yana kan F, alif yana kan H. Ajami ne dai zai ba da wahala, saboda kibod ɗin Larabci ba shi da wasu haruffan da malamanmu suka ƙara domin sautukan Hausa, waɗanda ake da su sai an nemo su ɗaya-ɗaya ta Insert da Symbol, in font ɗin yana ɗauke da su.