Yawan Goge Gilashin Kyamara Ba Kulawa Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa gilashin kyamara sai an riƙa goge shi kullum, kuma bakin riga ya wadatar idan an hura masa numfashi. Wannan kuskure yana lalata gilasai masu tsada. A saman gilashin akwai wani shafi siriri ƙwarai mai rage ƙyallin haske, ƙurar da ke sauka a kansa kuwa takan ɗauko ƙwayoyin yashi da suka fi gilashin tauri, don haka wanda ya murza ƙyalle a kanta yana kankare shafin ne da hannunsa.

'Yar ƙura a gaban gilashi ba ta fitowa a hoto. Ɗigon da ake gani a sararin sama a cikin hoto idan an tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamara zuwa f/16, wato ƙaramar ƙofa sosai, galibi yana kan sansa ne, wato farantin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara. Maiƙon yatsa shi ne ke dusashe hoto, kuma shi ya cancanci a cire. A fara hure ƙurar da famfon roba mai hura iska, sannan a ɗiga ruwan goge gilashi a kan ƙyalle mai laushi da tsabta, ba a kan gilashin ba, a shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe.