Rumbunan Adabin Yara na Intanet da Koyarwa a Gida

Rumbunan adabin yara na intanet shafuka ne da manhajojin waya da ake tara littattafan labarai masu hotuna da tatsuniyoyi da waƙoƙin yara a cikinsu, domin a karanta a waya ko kwamfuta, ko a sauke a ajiye, ko a buga a takarda. Malaman firamare da ƙungiyoyin yaƙi da jahilci suna amfani da su, haka ma iyayen da suka ɗauki nauyin koya wa 'ya'yansu karatu a cikin gida. A karkarar Kano da Jigawa, inda sayen littafin labarin yara sai an shiga birni, darajar rumbu tana rataye ne a kan abu biyu: ko yana da littattafai cikin Hausa mai kyau, da kuma ko ana iya karanta su bayan an bar inda ake samun sabis.

Koyarwa a gida

A Amurka da Ingila, koyar da yara a gida tsari ne da iyaye ke zaɓa a maimakon makaranta, kuma ya yi ƙarfi a Amurka tun daga shekarun 1970 bisa tasirin marubuta irin su John Holt. A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya su tabbatar 'ya'yansu sun yi firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka koyarwar gida a ƙauye galibi ƙari ce a kan makaranta, ko kuma cike gurbinta inda ta yi nisa, ko malami ya yi ƙaranci, ko aikin gona ya riƙe yara da damina. Mai koyarwar kan kasance uwa da ta yi sakandare kafin aure, ko yayar yaro, ko wani baffa da ya yi kwalejin horon malamai, kuma sau da yawa yaran maƙwabta sukan shigo a haɗa da su a tsakar gida ko a zaure, a tsakanin lokacin makarantar allo da na Islamiyya. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya tura gidaje da dama ga wannan hanya, tare da darussan da aka riƙa watsawa ta rediyo.

Manyan rumbunan

Wanda ya fi kusa da buƙatar mai koyarwa a Afirka shi ne African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta soma aikinsa a 2013, ta buɗe shafinsa a 2014. An kasa littattafansa mataki biyar, daga mai 'yan kalmomi a kowane shafi har zuwa dogon labarin da babba zai karanta yara su saurara, kuma wannan rabon yana da amfani ƙwarai ga uwar da ba ta sami horon koyarwa ba, domin yana nuna mata inda za ta fara da inda za ta nufa. Akwai littattafan Hausa a cikinsa, wasu fassara, wasu kuma da Hausa aka rubuta su tun asali. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books da ke Indiya an ƙaddamar da shi a watan Satumba na 2015 da labarai 800 cikin harsuna 24, yanzu harsunansa sun haura 300, har da Hausa. Bloom Library na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL yana da manhajar Bloom Reader ta wayoyin Android, wadda ke buɗe littattafai ba tare da intanet ba, wasu ma da murya a cikinsu, ana haska jimlar da ake karantawa yaro yana bi da ido. Global Digital Library, wanda hukumar raya ƙasashe ta Norway ta tallafa aka buɗe a 2018, yana tattaro littattafan koyon karatu daga wurare daban-daban. A gida kuwa akwai Nigeria Learning Passport na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft, wanda aka ƙaddamar a 2022, sai dai ya fi karkata ga darussan manhajar makaranta fiye da labarai. Tsofaffin rumbuna irin su Project Gutenberg, wanda ya faro a 1971, yawancin kayansu da Turanci suke, ba su da wani tasiri ga yaron da bai iya haɗa baƙi ba tukuna.

Yawancin littattafan da ke rumbuna huɗun farko suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya halatta a kwafa, a raba, a buga, galibi har a fassara, muddin an ambaci marubuci da mai zane. Wannan ya bambanta su da kwafin tsofaffin littattafan Hausa da ke yawo a WhatsApp. Magana Jari Ce, alal misali, har yanzu yana da haƙƙin mallaka, tunda Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar Najeriya kuwa tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa.

Yadda littafi ke isa ƙauye

Ba kasafai ake karanta littattafan nan kai tsaye daga intanet ba. Abin da aka saba shi ne wani ya sauke su a inda sabis ke da ƙarfi, sau da yawa ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari, sannan a tura su daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ko a zuba a mimori, wato hanyar da fina-finai da karatun malamai suka riga suka share. Littafi mai hotuna ba shi da nauyin da ya kai na ɗan gajeren bidiyo, don haka kuɗin data ba shi ne babban cikas ba. Cikas ɗin shi ne wayar kanta. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida, tana wuni a aljihunsa ko a rumfar mai cajin waya, ba ta shigowa gida sai bayan magariba. Karatun sai ya faɗo daidai lokacin da aka saba yin tatsuniya, bayan isha'i, yara huɗu ko biyar a kan tabarma suna ture-ture a kan gilashin da bai wuce tafin hannu ba, na gefe yana ganin hoto amma ba ya ganin rubutu. Shi ya sa masu hali kan kai littafin shagon kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma a buga shi baƙi da fari, a ɗinke da zare, domin takarda tana kwana a hannun yaro, waya kuwa da safe za ta bi mai ita.

Ingancin Hausar

Nan ne mai koyarwa ya fi buƙatar sa ido. Littattafai da dama 'yan sa-kai ne suka fassara su, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda aka rubuta ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Babba zai gane daga ma'anar jimla, amma yaron da ke koyon danganta harafi da sauti rikicewa zai yi. Akwai kuma bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin ƙasashe biyu, inda Nijar ke rubuta ƴ a wurin da Najeriya ke rubuta 'y, abin da gidajen da ke bakin iyaka kan ci karo da shi. Wasu fassarorin kuma ƙashin Turanci ne aka sa wa rigar Hausa, jimla ta yi tsawo ta rasa daɗin faɗa, kuma ana gane su da zarar an karanta a bayyane. Kusan duk abin da ke rumbunan da boko yake, ajami kaɗan ne ƙwarai, alhali yara da yawa a karkara da haruffan allo suka fara sanin rubutu.

Lasisin da ya halatta fassara ya halatta gyara, don haka malamin da ya ga kuskure yana iya fitar da nasa kwafin. African Storybook yana da wata manhaja mai suna Maker, wadda ake haɗa sabon littafi da ita a waya ko babu intanet, a ɗauki hoton rumbun hatsi ko na akuyar gida a sa a shafi, a rubuta jimla ɗaya a ƙasansa. Da irinta ana iya mayar da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yadda kakar yara ke faɗarta ta zama ɗan littafi mai shafi goma, a buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "Ƙurunƙus".